Hague, Dakar ko New York: Wace Hanya Ƙaramar Ƙasa Za Ta Bi Don a Hukunta Masu Manyan Laifuka?

A ranar 11 ga Nuwamba 2019, Gambiya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan uku ba, ta maka Myanmar a Kotun Duniya bisa zargin kisan ƙare dangi ga Musulmin Rohingya. Bayan wata guda jagorar gwamnatin Myanmar ta lokacin, Aung San Suu Kyi, da kanta ta tsaya gaban alƙalai a birnin Hague na ƙasar Holan tana kare sojojin ƙasarta. Tun daga nan, da zarar an yi ta'asa a wani wuri, sai ka ji ana cewa "me ya sa ƙasarmu ba za ta yi irin na Gambiya ba?" Tambayar da kyau, sai dai hanyar Gambiya ɗaya ce cikin huɗu da ƙananan ƙasashe suka gwada, kuma kowace da irin abin da take haifarwa. Wannan bayani na jami'in ma'aikatar shari'a ne ko ta harkokin waje da aka ce ya ba minista shawara, da ɗan majalisa, da lauyan ƙungiyar kare haƙƙi da ke son sanin abin da zai matsa wa gwamnati ta yi.

Ma'aunan da za a duba

Na farko, me ake so a samu a ƙarshe? Mutum a kurkuku daban, hukunci a kan gwamnati daban, tara hujja don gaba ma daban. Da yawa daga masu fushi da kotunan duniya sun kai kukansu inda ba a share irin hawayensu ne. Na biyu kuɗi: nawa, kuma daga aljihun wa. Na uku ɗorewa: idan ministan da ya ɗauko aikin ya sauka, ko aka yi juyin mulki, aikin zai ci gaba? Na huɗu sauƙi, wato yawan ƙwararru da gyaran doka da ake buƙata kafin a fara. Na biyar haɗari: wa za a ɓata wa rai, kuma me yake riƙe da shi na ƙasarku.

A lura cewa kotuna biyu ne a Hague, kuma ko a labaran rediyo akan cakuɗa su. Kotun Duniya, ICJ, ƙasa da ƙasa take yi wa shari'a, ba ta ɗaure kowa. Kotun Hukunta Manyan Laifuka, ICC, mutane take tuhuma ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar Gambiya: kai ƙarar ƙasa a ICJ

Ƙofar da Gambiya ta bi ita ce sashe na 9 na yarjejeniyar hana kisan ƙare dangi ta 1948, wanda ya ba ƙasashen da suka sa hannu damar kai saɓaninsu gaban kotun. Myanmar ta ce Gambiya 'yar aike ce kawai ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, kuma ba ɗan Gambiya ko ɗaya da aka taɓa. A ranar 22 ga Yuli 2022 kotun ta yi watsi da wannan hujja: duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar tana da hurumin ƙara. Wannan kaɗai ya buɗe ƙofa ga kowace ƙaramar ƙasa.

Abin da ya fi saurin samuwa a nan shi ne umarnin wucin gadi. Kafin a cika wata uku da shigar da ƙara, a ranar 23 ga Janairu 2020, alƙalai baki ɗaya suka umarci Myanmar ta kare 'yan Rohingya, kada ta lalata hujjoji, kuma ta riƙa kawo rahoto duk wata shida. Hukuncin ƙarshe kuwa sai mai haƙuri. Bosniya ta kai ƙarar Sabiya a 1993, ba a yanke ba sai 2007.

Kotun ba ta karɓar kuɗin ƙara, amma lauyoyi suna karɓa, kuma da dala. Gambiya ta ɗauki kamfanin lauyoyi na Foley Hoag na Amurka, OIC kuma ta buɗe asusun tallafi. A taron ministocin harkokin wajen ƙungiyar da aka yi a Yamai a Nuwamba 2020, Bangaladash ta sanar da dala dubu 500, alhali abin da Gambiya ta ce tana buƙata ya kai miliyoyi. Duk wanda zai bi wannan hanya ya tabbatar kuɗin yana cikin asusu kafin ya sa hannu, kada ya dogara da alkawarin zauren taro.

Wajen ɗorewa ba laifi. Abubacarr Tambadou, ministan shari'ar da ya ɗauko aikin, tsohon mai gabatar da ƙara ne a kotun Ruwanda da ke Arusha, kuma abin da ya ji daga bakin 'yan gudun hijirar Rohingya a Cox's Bazar ta Bangaladash a 2018 ne ya tuna masa da Ruwanda. Ya bar kujerar a 2020, sojoji suka ƙwace mulki a Myanmar a 2021, shari'ar ba ta tsaya ba. A 2023 ma Kanada, Ingila, Faransa, Jamus, Holan, Denmark da Maldives suka nemi shiga.

Tarko biyu ne. Wasu ƙasashe sun sa hannu a yarjejeniyar amma sun ce sashe na 9 bai hau kansu ba. Sudan ta kai ƙarar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Maris 2025 kan yaƙin Darfur, kotun ta kori ƙarar a watan Mayu saboda wannan togaciya, ko zargin ba a taɓa ba. Na biyu, ramuwar gayya. Gambiya ba ta da ciniki ko bashi da Myanmar, don haka ba abin da za a riƙe mata. Afirka ta Kudu kuwa da ta kai ƙarar Isra'ila a Disamba 2023, sai ga umarnin fadar shugaban Amurka a Fabrairu 2025 na dakatar da tallafi, kuma an ambaci wannan ƙara cikin dalilai. Ko an yi nasara ma, tilasta bin hukunci yana hannun Kwamitin Sulhu, inda masu kujerar na-ƙi suke.

Hanyar ICC: zama mamba da miƙa lamari

Ƙananan ƙasashe suna da hannu a kotun nan tun daga tushe. Firaministan Trinidad da Tobago, A.N.R. Robinson, shi ya farfaɗo da batun kafa ta a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1989. An amince da Yarjejeniyar Rum, wadda ta kafa kotun, a 1998, Senegal ce ta fara tabbatar da ita a Fabrairu 1999, ta fara aiki a Yuli 2002. 'Yar Gambiya Fatou Bensouda ta riƙe ofishin mai gabatar da ƙara daga 2012 zuwa 2021.

Ita ce mafi araha a takarda. Kasafin kotun ya doshi Yuro miliyan 200 a shekara, amma ana raba shi ne bisa ƙarfin tattalin arziki, don haka mafi ƙanƙantar ƙasashe 'yan dubbai suke biya. Miƙa lamari ga mai gabatar da ƙara wasiƙa ce kawai. Lituweniya ce ta fara miƙa batun Yukiren a farkon Maris 2022, ƙasashe sama da 40 suka biyo baya, aka buɗe bincike cikin kwanaki. Amma wasiƙa ba umarni ba ce. Tsibirin Komoros ya miƙa batun harin Isra'ila kan jirgin agajin Gaza a 2013, mai gabatar da ƙara ta ƙi buɗe bincike, aka yi ta ɗaukaka ƙara shekaru ba a sauya ba. Da ka miƙa, lamarin ya fita hannunka.

Sakamakon ma a hankali yake zuwa. Kwamitin Sulhu ya miƙa batun Darfur a 2005, sai a Oktoba 2025 aka sami Ali Kushayb, wani jagoran mayaƙan Janjawid, da laifi. An janye tuhumar Uhuru Kenyatta a 2014, an wanke Laurent Gbagbo a 2019. A ɗaya ɓangaren, Nijar ta miƙa Ahmad al-Faqi al-Mahdi a Satumba 2015, cikin shekara guda aka ɗaure shi shekara tara kan rusa hubbaren waliyyai a Timbuktu. Kotun ba ta da 'yan sanda, saurinta ya danganta da wanda ya yarda ya kama ya miƙa.

A nan tsadar gaskiya take. Mamba ya ɗauki nauyin kama duk wanda aka yi wa sammaci, ko da shugaban ƙasa ne da ya zo ziyara. Malawi ta karɓi shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, da kotun ke nema, a 2011 ba ta kama shi ba, kuma ziyarar na cikin abin da Amurka ta ambata da ta dakatar da tallafin wutar lantarki na dala miliyan 350. Da Joyce Banda ta hau mulki a 2012 ta ce kada ya zo, sai Tarayyar Afirka ta ɗauke taron ƙolinta daga Lilongwe zuwa Addis Ababa. Gaba kura, baya sayaki. Mongoliya, wadda ke sayen kusan duk man fetur ɗinta daga Rasha, ta shimfiɗa wa Putin jar darduma a Satumba 2024 duk da sammacin da ke kansa, alƙalai suka rubuta cewa ta saɓa alkawari. Jami'an kotun su ma ba su tsira ba: Amurka ta ƙaƙaba wa Bensouda takunkumi a 2020, a 2025 ta ƙaƙaba wa alƙalai, har da 'yar Benin da 'yar Yuganda.

Ɗorewarta tana da ban sha'awa. Gwamnati na iya ficewa: Yahya Jammeh ya sanar da ficewar Gambiya a Oktoba 2016, magajinsa Adama Barrow ya soke a Fabrairu 2017, Burundi ta fita a 2017, Mali, Burkina Faso da Nijar sun sanar da tasu a Satumba 2025. Amma ficewa ba ta goge abin da ya faru lokacin da ƙasa take ciki. Filifin ta fita a 2019, an kai tsohon shugabanta Rodrigo Duterte Hague a Maris 2025. Minista ya kuma sani cewa shiga na nufin sojojin ƙasarsa ma suna ƙarƙashin ido. A Disamba 2020 Bensouda ta ce akwai dalilin bincikar Boko Haram da kuma jami'an tsaron Najeriya.

Hanyar Senegal: a yi shari'ar a gida

Wannan ce a ganina aka fi rainawa, alhali ita ta kai tsohon shugaban ƙasa kurkuku da kuɗin da bai kai kasafin wata guda na ICC ba.

Hissène Habré ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990, da aka hamɓarar da shi ya gudu Dakar. Hukumar binciken da Cadi ta kafa ta ƙiyasta a 1992 cewa an kashe mutum kusan 40,000 a zamaninsa. Waɗanda suka tsira, irin su Souleymane Guengueng, da lauyarsu Jacqueline Moudeina, suka shigar da ƙara a Dakar a Janairu 2000. An tuhume shi, sannan kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi kan laifin da aka yi a waje. A 2001 masu bincike suka shiga tsohuwar hedikwatar 'yan sandan sirrinsa, DDS, a Njamena, suka tarar da takardu zube a ƙasa cikin ƙura, ɗauke da sunayen mutum 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare. Hujja ta samu, kotun da za ta duba ta ce babu.

Shekara goma sha biyu aka yi ana jan ƙafa. Beljiyam ta nemi a miƙa mata shi a 2005. Tarayyar Afirka ta ce wa Senegal a 2006 ta yi masa shari'a da sunan Afirka. Shugaba Abdoulaye Wade ya gyara doka da tsarin mulki, amma ya ce sai an ba shi Yuro miliyan 27 a dunƙule. A Yuli 2012 Kotun Duniya ta ce wa Senegal ko ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi, kuma a lokacin Macky Sall ya riga ya hau mulki. Daga nan komai ya tafi da sauri: an buɗe kotun musamman a cikin kotunan Senegal a Fabrairu 2013, da kasafin Yuro miliyan 8.6 wanda Cadi, Tarayyar Turai da wasu ƙasashe suka haɗa. An fara shari'a a Yuli 2015. Habré ya ƙi amincewa da kotun, har sai da jami'an tsaro suka ɗauko shi cak suka shigo da shi. Ya zauna da farin rawani da baƙin tabarau, bai ce wa alƙalai uffan ba, shaidu 93 suka yi ta faɗin abin da aka yi musu a gabansa. A ranar 30 ga Mayu 2016 alƙali Gberdao Gustave Kam ɗan Burkina Faso ya yanke masa ɗaurin rai da rai. Ya rasu a Agusta 2021 yana kan wa'adin.

Raunin hanyar a bayyane yake. Dole wanda ake zargi ya kasance a hannunku. Dole a gyara dokokin gida. Sama da komai, rai da mutuwar aikin na hannun shugaban ƙasa ɗaya: dokar da Wade ya zauna a kai ita Sall ya yi aiki da ita. Kotun ɗaukaka ƙara ta ba da diyyar sefa biliyan 82 ga mutum 7,396 a 2017, amma asusun da aka ce zai biya bai tara abin kirki ba, da yawa sun rasu suna jira. Kuma kada a ɗauka kowace kotun musamman araha ce. Ta Saliyo, wadda ta ɗaure tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor shekara 50 a 2012, ta ci dala miliyan ɗaruruwa. Ta Dakar ta yi sauƙi ne don mutum ɗaya aka gurfanar, a ginin kotu da ke akwai, da alƙalan da akasarinsu 'yan ƙasar ne.

Hanyar Liechtenstein: aikin zauren Majalisar Ɗinkin Duniya

Liechtenstein mutanenta kusan 40,000 ne, ba ta da soja, kuma sai a 1990 ta shiga Majalisar Ɗinkin Duniya. Jarinta jakada ɗaya ne da ta bari a New York tun 2002, Christian Wenaweser. Shi ya jagoranci tattaunawar da ta kai ga sanya laifin mamayar ƙasa cikin Yarjejeniyar Rum a Kampala a 2010. Da Rasha da Sin suka hau kujerar na-ƙi a 2014 suka hana miƙa batun Siriya ga ICC, Liechtenstein da Katar suka zagaya ta Babban Zaure: a Disamba 2016, da ƙuri'u 105, aka kafa hukuma a Geneva mai tara hujjojin laifukan Siriya tana shirya fayil don kowace kotu da za ta nema. An kafa makamanciyarta kan Myanmar a 2018. A Afrilu 2022 kuma ta sa aka amince cewa duk lokacin da aka yi amfani da kujerar na-ƙi, Babban Zaure zai zauna cikin kwanakin aiki goma a tattauna.

Kuɗin bai wuce albashin 'yan ma'aikata ba, haɗarin kaɗan ne tunda ƙuduri na gayya ne, ba a ganin mutum ɗaya. Abin da aka kafa kuma yana daɗewa, musamman idan ya shiga kasafin Majalisar na yau da kullum kamar yadda hukumar Siriya ta shiga daga 2020. Amma ba ta ɗaure kowa, kuma ba ta ba minista hoton da zai nuna a gida. Wahalarta ga ƙasashenmu ba kuɗi ba ne: jakadanci a wurare da yawa ladan siyasa ne, ana sauya mutum kafin ya gane kan kwamitin shari'a. Duk da haka ana iyawa. Gambiya da Meziko ne suka ja ragamar ƙudurin 2024 da ya tsayar da taron rubuta yarjejeniyar laifukan cin zarafin bil'adama a 2028 da 2029.

| Hanya | Abin da ake samu | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙara a ICJ | Umarni da hukunci a kan ƙasa | Miliyoyin dala na lauyoyi | Tana jure sauyin gwamnati | Sai da lauyoyin waje | Babba idan wanda ake ƙara na da manyan abokai |
| Mamba a ICC | Sammaci, wani lokaci ɗauri | Kaɗan | Ana iya fita, tsohon laifi bai gogewa | Shiga da sauƙi, cika alkawari da wuya | Tilascin kama baƙo. Naka ma ana duba su |
| Kotu a gida | Ɗauri, da diyya a takarda | Daga miliyan 8.6 na Yuro zuwa ɗaruruwa | Tana hannun shugaban ƙasa | Mafi wahala | Siyasar gida da ta makwabta |
| Zauren Majalisa | Dokoki da hujjoji | Albashin ma'aikata | Mafi daɗewa | Sai da ƙwararre da aka bari a wuri ɗaya | Kaɗan |

Wace ta dace da wa

Idan ana kashe mutane yanzu kuma abin da ake nema shi ne a sa ido a kan gwamnatin da ke yi, ICJ ce, da sharaɗi uku: an duba cewa ƙasar ba ta togace sashe na 9 ba, akwai ƙungiya irin OIC da ta riga ta zuba kuɗi, kuma ba ku cin abinci daga hannun wanda za ku ƙara ko ubangidansa. Wanda bai cika sharuɗɗan ba zai iya shiga ƙarar da wani ya shigar, kamar yadda Maldives ta yi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma sunan ƙasa yana cikin fayil.

Idan tsoron shi ne abin da wata gwamnati ta gaba ko 'yan tawaye za su yi wa mutanenku, ku shiga ICC ko ku zauna a ciki, ku kuma sa laifukan Yarjejeniyar Rum cikin dokar gida don kotunanku su riga Hague. Ku yanke tun yau abin da za ku ce wa shugaban da ke da sammaci idan ya nemi ziyara. Hana shi zuwa ya fi sauƙi a kan kama shi.

Idan ba kuɗi, ba wanda ake zargi a hannu, amma ana son suna mai ɗorewa, a zaɓi lauya ɗaya ko biyu masu kaifin kai a tura New York ko Geneva, a bar su shekara goma. Ga mafi yawan ƙananan ƙasashe, wannan nake ba da shawarar a fara da ita.

Idan kuwa mai laifin yana zaune a unguwar masu kuɗi ta babban birninku, ko laifin a gida aka yi, ba inda za a kai shi. Gambiya kanta tana wannan hali. Hukumar gaskiya da sulhu ta miƙa rahotonta a 2021 kan zamanin Jammeh, har da kisan baƙi 'yan Afirka ta Yamma sama da 50 a 2005, akasarinsu 'yan Gana, da 'yan Najeriya a ciki. Jamus ta ɗaure Bai Lowe, ɗan rundunar kisa ta Jammeh, rai da rai a 2023, Suwizalan ta ɗaure tsohon ministan cikin gida Ousman Sonko shekara 20 a 2024, Jammeh kuma yana gudun hijira a Equatorial Guinea. A Disamba 2024 shugabannin ECOWAS suka amince a kafa kotun musamman tare da Gambiya. Duk ƙasar da za ta bi wannan sawu ta taƙaita waɗanda za ta gurfanar, ta yi amfani da ginin kotu da alƙalan da take da su, ta kuma nemi kuɗin diyya a rana ɗaya da kuɗin shari'a.